Gicciyen dutse na Monasterboice: a bar shi a ruwa ko a shigar da shi ɗaki?

Bakatsine_a_Louth:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masana gini da na tarihi su sa mana baki. Arewa da garin Drogheda a nan Ayalan, tafiyar kamar kilomita 8, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Monasterboice. A tsakiyar kaburburan akwai gicciyen dutse da ake kira na Muiredach, tsayinsa ya haura mita 5, an sassaƙa shi wajen farkon ƙarni na 10. Tun daga gindi har ƙoli, ko'ina sassaƙa ce. Hukuma ta ce kayan tarihin ƙasa ne, doka ta kare shi. To amma yana nan tsaye a fili, a ƙasar da ruwan sama ba ya da lokacin ɗaukewa, gansakuka na hawansa, wasu fuskokin da ke jikinsa har sun shafe. Ni a ganina wannan kariya ce ta takarda kawai. A Clonmacnoise, wani tsohon mazaunin ruhubanawa a bakin kogin Shannon, tun 1991 suka kwashe nasu gicciyen suka shigar ɗaki, suka kafa kwafi a gurbinsu. Me ya hana a yi haka a nan?

Bazazzagi77:
Wa alaikumus salam. Dutsen da ya yi shekara 1,100 a ruwa bai faɗi ba, sai yanzu da ka je Turai ne zai faɗi? Bakatsine ka bar mutane da kayansu.

Injiniya_Sabo:
Bazazzagi, ba faɗuwa ake tsoro ba, shafewa ake tsoro. Dutsen yashi ne, irin wanda ruwa ke shiga cikin ƙofofinsa. Idan hunturu ya zo ruwan ya daskare a ciki, sai ya kumbura ya ɓantare fatar dutsen kaɗan-kaɗan. Sassaƙar kuwa a fatar take. In ka rasa kaurin farce ɗaya daga fuskar mutum-mutumi, ido da baki sun tafi ke nan, alhali gicciyen na nan tsaye kamar ba abin da ya same shi.

Amma kuma Malam Bakatsine, ɗaukewar ba wasa ba ce. Waɗannan duwatsu ba guda ɗaya ba ne. Akwai gindi mai rami, jikin ya zauna a ciki, sannan hular da ke sama ita ma an zarga ta ne. Sai an kawo injin ɗaga kaya cikin maƙabarta mai cike da kaburbura, an raba abin da ya yi ƙarnoni a haɗe. Bayan haka dutsen da ya saba da danshi in aka kai shi ɗaki mai ɗumi ya bushe da gaggawa, gishirin da ke cikinsa yakan fito ya ci fatar. Ko wanne aka zaɓa akwai asara, sai dai a duba wacce ta fi sauƙi.

Kawu_Mai_Goro:
Ni fa ban gane ba. Duk matsalolin da ke gabanmu, sai zancen gumakan Turawa? Me ya haɗa mu da su?

Yar_Zonkwa:
Kawu, da girmamawa, ba gumaka ba ne, ba wanda ke yi musu sujada. Labaran Littafi Mai Tsarki ne aka zana a dutse. Kuma abin da ya haɗa mu da su yana da yawa. Wa ya buɗe makarantun mishan da yawa a Arewa? Fada-fada da sistocin Ayalan. Sistocin St Louis sun sauka Kano a 1948, kuma 'ya'yan Musulmi da na Kirista duk sun yi karatu a hannunsu. Waliyyi Patrick da ake dangantawa da kai Kiristanci Ayalan, shi ne kuma majiɓincin Katolikan Najeriya. Gicciyen nan mai zobe a tsakiya ni tun ina yarinya nake ganinsa a kan kabarin wani fada a garinmu, ban san daga inda ya samo asali ba sai da na girma.

Kawu_Mai_Goro:
To 'yata, na ji. Ku ci gaba, ni ɗan kallo ne.

MalamTarihi:
Bari in ɗan shimfiɗa tabarma don waɗanda ba su san wurin ba. Monasterboice mazaunin ruhubanawa ne, wani waliyyi Buithe ya kafa shi, ya rasu wajen 521. Irin waɗannan wurare a Ayalan ta wancan zamani su ne makaranta, su ne wurin kwafar littattafai, su ne kasuwa, don babu manyan birane sai da 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, suka zo suka kafa irin su Dublin. Ana kiran gicciyen da sunan Muiredach ne saboda rubutun da ke gindinsa, wanda ke roƙon a yi wa Muiredach addu'a, shi da ya sa aka yi gicciyen. Yawancin masana na ganin shugaban wurin ne da ya rasu wajen 923.

Abin da ke jikinsa kuwa, Kawu, da za ka tsaya gabansa da ka gane fiye da rabi. A fuskar gabas, daga ƙasa: Annabi Adamu da Hauwa'u a gindin bishiya, kusa da su ɗansu yana kashe ɗan'uwansa. Sama da su Annabi Dauda da Jaluta. Sama kuma Annabi Musa yana dukan dutse da sanda ruwa na fita, jama'a sun yi layi. Can a tsakiyar zoben ranar hisabi ce, masu rabo a gefe ɗaya, a ɗaya gefen shaiɗan na kora mutane da mashi mai baki uku. Wurin da ni ya fi ɗaukar hankalina yana ƙarƙashin wannan: Mala'ika Mika'ilu riƙe da mizani yana auna rai, shaiɗan kuma ya kwanta a ƙasa yana janyo ɗaya kwanon don ya rinjayar da awon. Ɗan ƙaramin wuri ne, amma masassaƙin ya sa komai a ciki. A fuskar yamma aka zana gicciyewa kamar yadda Kiristoci suka yi imani da ita.

Monasterboice ta fara dusashewa ne bayan an kafa gidan ruhubanawa na Mellifont kusa da ita a 1142, ruhubanawa masu sabon tsari daga Faransa suka karɓe fage.

Nas_Talatu:
Malam ka manta da kyanwoyin! A gindin fuskar yamma, daidai wurin rubutun, akwai kyanwa biyu a zaune, harafin rubutun ma zagaye su ya yi. Ni ina aiki a Drogheda, duk baƙon da na kai can su yara ke fara nema. Kuma su ne suka fi shan hannu, don suna daidai tsayin yaro. Wannan ya dawo da mu maganar Yaya Bakatsine.

Bakatsine_a_Louth:
Yauwa Anti Talatu. Ruwa daga sama, hannu daga ƙasa.

Yar_Zonkwa:
Ni ban goyi bayan a ɗauke ba. An kafa shi ne yana kallon gabas da yamma da gangan. Da safe rana na haska fuskar hisabi, da la'asar ta koma kan fuskar gicciyewa, inuwa ta fito da sassaƙar. A ɗaki fitilar lantarki ce za a kunna masa daga safe har yamma. Sannan maƙabartar ba matacciya ba ce, mutanen yankin na da iyaye da kakanni kwance a wurin, suna zuwa ziyara. Ka ce musu za ka cire abin da kakanninsu suka zaɓi a binne su kusa da shi, ka kafa musu na roba? Aka ce an yi su ne don koya wa waɗanda ba su iya karatu ba, to a bar su inda talaka zai gani ba tare da ya sayi tikiti ba.

MalamTarihi:
Malama, zancen koyar da marasa karatu ana yawan faɗinsa, amma kada a tsaya a nan. Dogon gicciyen da ke yamma a wannan maƙabartar ya kusa mita 7, shi ne mafi tsawo a Ayalan. Wane manomi ne zai karanta abin da ke can sama? Akwai siyasa a ciki. Gicciyen Nassosi na Clonmacnoise rubutunsa na ɗauke da sunan Sarki Flann Sinna, wanda ya rasu a 916, da na Colmán shugaban wurin. Sarki ya ba da dukiya, malamai suka ba da albarka, dutse ya zama shaida. Wasu kuma alamar iyaka ce, daga nan ka shiga hurumin da ba a zubar da jini. Kuma masana da dama na ganin a da fenti gare su, ja da shuɗi da rawaya, irin launukan littattafan zamanin. In haka ne, wannan tokar-tokar da muke kallo ba ita masu shi suka gani ba.

DanAgadas:
Tambaya daga Nijar. Zoben nan da ke zagaye da tsakiyar, mene ne amfaninsa? Wani ya taɓa ce mini yana da alaƙa da gicciyen Agadas da maƙeranmu ke yi da azurfa.

MalamTarihi:
Babu wata shaida da ta haɗa su, ɗan'uwa, kowanne da hanyarsa. Zoben kuwa ba a daddale ba. Wasu sun ce tallafi ne don hannuwan dutsen kada su karye, wasu sun ce rawanin nasara ne irin na Rumawa, wasu sun ce rana ce. Inda Afirka ta shigo da gaske shi ne Masar. A kan da yawa daga cikinsu, har da na Muiredach da na Moone, akwai Bulus da Antoni, masu zuhudun hamadar Masar, waɗanda labari ya ce hankaka ya kawo musu gurasa suka raba. Ruhubanawan Ayalan na ɗaukar mutanen hamadar nan a matsayin magabatansu.

Injiniya_Sabo:
A kan zoben, ni na fi karkata ga cewa daga katako aka gado shi. Ku dubi guda biyun da ke Ahenny a Tipperary, waɗanda ake lissafawa cikin mafi tsufa. Kusan babu mutane a jikinsu sai a gindi, sauran duk saƙa ce da murɗe-murɗe irin na maƙeran tagulla. Akwai ƙulli-ƙulli guda biyar a fuska, daidai inda kan ƙusa zai kasance da a ce katako ne aka lulluɓe da ƙarfe. Gefunan kuma an yi musu kamar igiya. Masassaƙin yana kwaikwayon abin da ya saba gani ne, har da ƙusar da dutse ba ya bukata.

Bazazzagi77:
An tashi daga "a ɗauke ko a bari" an koma ajin tarihi. Malam Tarihi in ya kama makirufo sai an yi sallar isha'i.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
To bari in dawo da ku, tunda Bakatsine ya ce kariyar ta takarda ce. Takardar ma ba ƙaramin abu ba ce. Tun zamanin mulkin Ingila akwai dokar 1882. Bayan 'yanci suka yi tasu Dokar Kayan Tarihin Ƙasa a 1930, aka yi ta yi mata gyara, a 2023 kuma majalisa ta zartar da sabuwa da za ta maye gurbinsu gaba ɗaya. Wurin da ke hannun gwamnati, hukumar ayyuka ta OPW ce ke kula da shi yau da gobe, kuma ba mai taɓa shi ko ya yi tono kusa da shi sai da izinin minista a rubuce. Ko a gonarka abin yake, muddin yana cikin rajista, gyaran 1994 ya ce sai ka ba da sanarwar wata 2 kafin ka sa fatanya. Na'urar neman ƙarfe a ƙasa ma ba a yawo da ita a irin wuraren nan ba lasisi. Wannan ya biyo bayan abin da ya faru a Derrynaflan a 1980, inda wani mutum da ɗansa suka tono kayan coci na azurfa, rigima ta kai Kotun Ƙoli, a 1987 ta yanke cewa irin wannan kaya na ƙasa ne.

Abin da nake so ka lura da shi: dokar da ta hana ɓarawo ɗauka ita ce ta sa hukuma ma ba za ta tashi da safe ta ɗauke ba.

Bakatsine_a_Louth:
Barista, doka na hana mutum. Ta hana ruwan sama?

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Wannan kuma sai dai ka shigar da ƙara sama.

Maman_Ilham:
Ni dai na je Clonmacnoise da yara lokacin hutu. Wallahi da ba a faɗa mini ba, ba zan san na wajen kwafi ba ne, sai da na matsa kusa. Muka shiga ciki muka ga na ainihi, an sa masa fitila ta gefe, kowane layi ya fito. Akwai wani wuri a ƙasa inda mutum biyu ke riƙe da sanda ɗaya suna kafawa, mai yi mana bayani ta ce ana fassara shi da Waliyyi Ciarán da sarkin da ya taimake shi suna kafa turken farko na cocin. A waje ban ma lura da shi ba saboda iskar kogin Shannon da ke kaɗa mu. Don haka ni ina bayan Bakatsine. Mai son addu'a ga kwafi a waje, mai son kallo ga na gaske a ciki.

Yar_Zonkwa:
Hajiya, ke baƙuwa ce kin je kallo, shi ya sa kwafi ya ishe ki. Tambayi wanda mahaifiyarsa ke kwance a wurin.

Maman_Ilham:
Haka ne 'yar'uwa. Amma jikokin wannan mutumin fa? In aka bari ya shafe, su me za su tarar?

Sarkin_Yawo:
Kuna magana kamar hanya biyu ce kawai. Ni da nake tuƙin motar kaya na zaga ƙasar nan, na ga dabaru iri-iri. A Moone da ke Kildare sun shigar da shi cikin kangon tsohon coci suka yi rufi a sama, iska na shiga, ruwa ba ya dukansa. Wannan gicciyen ma a binne aka tsince shi a 1835, wani ɓangaren sai 1893 aka haɗa. Manzannin Almasihu 12 na jikinsa an jera su sahu uku, huɗu-huɗu, kawuna kamar ƙwai, jiki murabba'i, in ka gani sai ka yi dariya. A Carndonagh can Donegal rumfa kawai aka kafa masa. Na Tuam an ɗauke shi daga dandalin kasuwa an kai cikin babban coci. Na Cashel yana cikin ɗaki, kwafi a waje. Na Kells kuwa a tsakiyar mahaɗar titi yake tsaye har sai da motar bas ta buge shi a 1996, sannan aka mayar da shi gaban tsohuwar kotu aka yi masa rumfa. Wato sai da aka yi ɓarna aka motsa.

Injiniya_Sabo:
Rumfa ita ce tsaka-tsaki, amma ita ma sai an haƙa mata ginshiƙai, kuma a Monasterboice duk inda ka sa diga kabari ne. Ga wata tsohuwar hasumiya mai zagaye a wurin, ga kangayen coci biyu. Rumfar gilashi mai tsayin mita 8 a tsakiyarsu za ta canza kamannin wurin gaba ɗaya.

Bakano_Na_Dala:
Ina karanta ku ina jin takaici. Mutane na gardama a kan kaurin farce na dutse, mu kuwa badalar Kano da ke cikin jerin kayan tarihin ƙasa ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, ana yanka filaye a kanta. Doka muna da ita, hukumar gidajen tarihi muna da ita.

Bazazzagi77:
Ka ga irinta ko. Duk zancen da aka fara a zauren nan sai ya ƙare a Kano.

MalamTarihi:
Bakano, su ma ba haka suka tashi ba. A 1552 sojojin Ingila daga Athlone sun washe Clonmacnoise, ba su bar ko ƙararrawa ba. Ƙarnoni wuraren nan suna kango, shanu na kiwo a ciki, ana kwasar duwatsu ana gini. Sai a ƙarni na 19, da kishin ƙasa ya motsa, aka waiwaye su. An nuna wasu a babban baje kolin Dublin na 1853, daga nan gicciye mai zobe ya zama abin yayi a kan kaburbura, har ya bi 'yan ƙaura zuwa Amurka da Ostireliya, ya bi 'yan mishan zuwa garin su Malama 'Yar Zonkwa. Son ma ya yi nasa ɓarnar: a Ardboe, bakin tafkin Neagh, ana ba da labarin masu barin ƙasa kan ɓantari ɗan guntu daga gicciyen wurin su tafi da shi don tunawa da gida.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Ƙarin bayani kaɗan, Ardboe na Ayalan ta Arewa ne, ƙarƙashin Birtaniya, don haka dokokin da na lissafa ba su shafe shi ba, suna da tasu ta 1995. A can ma sun ɗauke na Downpatrick sun kai gidan tarihi, suka kafa kwafi a gaban cocin.

DanAgadas:
UNESCO ba ta da ta cewa ne? Mu da aka sa tsohon garin Agadas a jerinta a 2013, ko gyaran bango sai an bi ƙa'ida.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Ba sa cikin jerin. An taɓa sa Monasterboice da Clonmacnoise da Kells a jerin masu jiran gado na 2010, amma ba su kai ga shiga ba. Dokar cikin gida ce kawai ke riƙe da su.

Nas_Talatu:
Akwai abin da ba a ambata ba. Wajen 1900 gidan tarihin ƙasa da ke Dublin ya sa an yi zubin filasta na manyan gicciyen nan, girmansu ɗaya da na ainihi, na Muiredach ma akwai zubinsa har a Landan. Ashe ke nan akwai yadda fuskar dutsen take shekara 120 da suka wuce. Yanzu kuma an ɗauki hotonsu da na'urar leza, kowane rami an auna. Me zai hana a gwada biyun a ga nawa ya tafi? In kaɗan ne a bar shi, in da yawa ne Yaya Bakatsine ya yi gaskiya.

Injiniya_Sabo:
Tunani mai kyau, Anti, kuma masu aikin na yin irin wannan gwajin. Sai dai zubin filasta ba hoto ba ne. Mai zubin kan cike rami, ya gyara inda ya ɓalle, wani lokacin ma ɓare ƙirar daga jikin dutsen kan taho da ɓurɓushi. Za a ga bambanci, amma raba wanda ruwa ya ci da wanda hannun mai zubi ya ƙara aiki ne.

Kawu_Mai_Goro:
Ɗan kallo na da tambaya. Shaiɗanin nan da ke jan mizani, ya yi nasara ko bai yi ba?

MalamTarihi:
Bai yi ba Kawu, Mika'ilu ya soka masa sanda.

Yar_Zonkwa:
Ni har yanzu ina kan bakana. In dole ne a yi wani abu, a yi rumfa, kuma a fara tambayar masu kaburbura kafin a tambayi masu yawon buɗe ido.

Bakatsine_a_Louth:
Rumfar da Injiniya ya ce ba inda za a kafa ƙafarta? Ni dai a gina ɗaki a filin da ke tsallaken hanya, wajen da ake ajiye motoci, a sa shi ciki kyauta ba tikiti, masu kaburbura su riƙa shiga duk lokacin da suka so. Injiniya, in aka busar da shi a hankali, a ɗakin da ba a kunna na'urar ɗumama ba, matsalar gishirin nan za ta taso?

Injiniya_Sabo:
Za ta ragu sosai. Amma kafin a kai ga ɗakin sai an tsallake da shi katangar maƙabarta, kuma ni ba zan so in zama wanda zai sa hannu a takardar ɗaga shi ba.